Gyambon da Baba Ya Ɓoye

Plumstead, Landan

Zuwa ga Gwaggo Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwa. Affan da Hanan suna nan lafiya, Hausarsu dai sai addu'a. Baban yara ma lafiya, aikin asibiti ne bai bar shi ya zauna ba.

Gwaggo, hankalina a tashe yake, kuma a kan ƙaninki ne. Baba yana asibiti. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hukumar unguwa, wadda muke kira council, ta haɗa mu da wani kamfani mai turo ma'aikata gida su yi masa wanka, su riƙa juya shi a gado. Tun farko muka ce namiji muke so, suka amince. Suka turo Issahaku, wani Bahaushen Kumasi mai hankali, har Baba yana tsokanarsa da cewa Hausarsa ba ta san mace da namiji ba. Da Issahaku ya sami wani aiki a Dagenham, sai kamfanin ya shiga turo mata, ba wanda ya tuntuɓe mu. Ni ina wurin aiki lokacin da suke zuwa. Kin san Baba da kunya. In mace ta zo da ruwan wanka, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce ta bari, ya gode. Su kuwa abin nema ya samu, sai su haɗa masa shayi su kama gabansu. In na dawo na tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi, ya ja bargo har wuya. Wace 'ya ce za ta yaye bargon mahaifinta?

Wari ne ya tona. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce gyambon kwanciya ne a ƙugunsa, ya ci nama sosai, kuma ya daɗe.

Na je wurin wata lauya a Woolwich. Kamfanin na cewa Baba ne ya ƙi a taɓa shi. Ita kuma ta ce wannan ba hujja ba ce, domin tun ranar da ya fara ƙi ya kamata su sanar da mu, su turo namiji kamar yadda aka yi alkawari. Ta ce ƙarar na da ƙarfi, amma tunda Baba yana cikin hankalinsa, sai ya yarda da bakinsa, kuma ya ba da izini a nuna hotunan ciwon da asibiti suka ɗauka. A nan muka tsaya cik. Baba ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne, kuma ba zai tsufa a riƙa yawo da tsiraicinsa a ofisoshin Turawa ba. Na yi kuka, na yi lallashi, har na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya juya fuska bango.

Ba diyya ce ta dame ni ba. Ana maganar sallamarsa, kuma in shi da kansa ya ce ba a yi masa laifi ba, ina tsoron hannun mutanen nan za a sake mayar da shi. Likita ya gaya mini a fili cewa jikinsa ba zai ɗauki irin wannan ciwo karo na biyu ba.

Ke kaɗai ce a duniya kike ce masa Almu ya amsa. Ke kika goya shi, ba ya jin kunyarki. Don Allah ki sa ɗanki Wahabu ya kira miki shi a waya kafin Juma'a, ranar da ake sa ran sallamarsa, ki yi masa faɗa irin na yaya. Ki gaya masa yafiya tasa ce, amma Baba namu ne.

Jiya ma'aikatan asibiti sun yi jinkiri, sai na cire kunya na juya shi da hannuna. Bai hana ni ba, ya dai rufe ido, hawaye na bin kuncinsa. Gwaggo, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ki gaida Kawu Abdul-Razak, da Wahabu da iyalinsa, da Ummi. A sa mu cikin addu'a.

'Yarki mai jiran kiranki,
Muhibbat