Sandar Kamun Kifin Yaya Datti

Danau Kota, Kuala Lumpur
Laraba, 5 ga wata

Zuwa ga Yaya Datti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Ruƙayyatu da yara. Ya ƙafar Inna? An ce min ta fara takawa har ƙofar gida ba tare da an riƙe ta ba, Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Mu nan jiki lafiya lau. Hadiyya ta cika sha biyar, ta wuce ni tsayi, Hausar ce dai har yau in na yi mata sai ta amsa min da Turanci. Ruwa kuma kullum la'asar sai ya sauka, shanya ba ta bushewa.

Yaya, na ɗauki biro ne saboda sau uku muna waya ba ka bar ni na kai ƙarshen magana ba. Da na fara sai ka ce in kwantar da hankalina. To hankalina ba a kwance yake ba, raina a ɓace yake, kuma da kai nake fushi. Takarda dai ba za ka katse ta ba.

Ka tuna saƙon muryar da ka turo min wata biyu da suka wuce. Ka ce wani ɗan kaya zai zo adireshin shagona, sandar kamun kifi ce ka yi oda a intanet, mai sayarwar ba ya aikawa Najeriya, in haɗa maka a kagon da zan tura gida. Na ce to. Ban tambaye ka yaushe ka fara su ba, kai da ko dam ɗin Tiga aka je a mota kake zama. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki, tun mijina marigayi Abdussalam yana raye: ɗalibai su kawo kwalayensu, iyaye su aiko da yaji da kilishi, ni in karɓa in aika. Ban taɓa yanka salatif ɗin kwalin wani ba. Da wannan aka san ni, da shi nake ciyar da 'yata.

Ranar da aka kira ni ofishin kaya na kusa da filin jirgi, na ɗauka haraji ne zan biya in dawo, har na bar wake a jiƙe. Suka miƙo min takarda suka tambaya ko kayan nawa ne, na sa hannu kamar yadda na saba. Sai da na sa hannun sannan suka buɗe kwalin a gabana. Bindiga ce, Yaya. Doguwa, baƙa, da madubin hango nesa a naɗe a gefe, da gwangwani biyu na ƙananan harsasai. Wata ma'aikaciya ta turo min kujera na zauna. Daga baya ka ce min ai ta iska ce, ta wasa ce, ku da abokanka 'yan ritaya kuke harbin gwangwanaye da irinta a gona ranar Asabar. Nan ƙasar ba a raba maka ta iska da ta wuta a bakin ƙofa. In ba ka da lasisi, makami ne, kuma sunan da ke jikin kwalin shi ake nema. Sunana ne a jiki, Hansatu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da bakinka ka gaya min mako biyu ka yi kana binciken mai sayarwar. Ka karanta abin da masu saye suka rubuta a kansa, ka ƙirga taurarinsa, ka sa ya ɗauko maka bidiyon bindigar da takarda mai sunanka a kusa da ita don kada a damfare ka. Duk wannan wayon ka yi. Amma minti ɗaya ba ka ɗauka ka tambayi dokar ƙasar da za ka jefa ƙanwarka a ciki ba. Da ya ce zai rubuta sandar kamun kifi a takardar kwastan don ta wuce da sauri, kai ka ce masa ya yi. Ka amince wa baƙon da ba ka san fuskarsa ba, ni kuma da muka sha nono ɗaya ka ɓoye min.

Ko a nan aka tsaya da da sauƙi, don jami'ar da ke binciken mace ce mai hankali, ta ga yadda na rikice, har ruwa ta ba ni. Sai kai kuma ka ga kaya sun tsaya wuri ɗaya kwana goma, ka shigar da ƙara a shafin da ka yi odar, ka ce mutumin ɗan damfara ne. Ya ce matsalar daga adireshin ne. Don ka ƙure shi, ka rubuta masa cewa ƙanwarka babbar ejan ce ta kago a Kuala Lumpur, babu abin da ba ta iya fitarwa ko shigarwa, shekaru tana yi, ta san hanya. Da hukuma ta tuntuɓe shi, sai ya tattara hirarku duka ya turo don ya wanke kansa. A zama na biyu jami'ar ta ajiye min takardun a gaba, an ja wa layin nan alƙalami ruwan ɗorawa. Ta tambaye ni wace hanya ce na sani. Daga ranar ba ta ƙara ba ni ruwa ba.

Na san da alfahari ka rubuta. Haka kake tun muna yara, in ka tashi cika baki da ni sai ka mai da ni abin da ban kai ba. Amma wannan cika bakin shi ya sa fasfo ɗina yake cikin durowar 'yan sanda yau mako biyar. Ranar ashirin da shida zan koma, a ranar za a yanke ko za a kai ni kotu. In aka kai ni, ko ban shiga gidan yari ba, bizata ta tafi, shago ya tafi. Hadiyya nan ta buɗi ido, nan kabarin ubanta yake, jarrabawarta ta ƙarshe baɗi ce. Shekaranjiya ta tambaye ni ko in an kore ni ita ma korarta za a yi. Na ce ta je ta yi salla.

Lauyana, Malam Najib, ya ce abu ɗaya ne zai iya juya maganar. Ka je kotu a Kano ka yi takardar rantsuwa cewa kai ka yi odar, ka san abin da ke ciki, ni kuma sandar kamun kifi ka ce min, kuma maganar sanin hanya cika baki ne. Ka haɗa da saƙon muryar, ka turo hoton takardar a waya, asalinta kuma ta biyo ta jirgi. Aikin safiya ɗaya ne. Da na gaya maka, ka ce a bi a hankali, takarda irin wannan tana iya jawo maka tambayoyi a gida, kai mutum ne mai suna a unguwa, a dage da addu'a. Addu'a ina yi, Yaya, goshina ya shaida. Sannan kafin ka ajiye wayar ka tambaye ni ko za su yarda a mayar wa mutumin da bindigar, don kada wa'adin ƙararka a shafin ya wuce. Wallahi da na ajiye wayar zama na yi a ƙasan shago na yi kuka, ba don tsoro ba, don takaici.

Kana maganar sunanka. Nawa fa? Magana ta zaga unguwannin Danau Kota da Taman Melati tun makon farko. Yaran da ke kirana Mama, su zo su ci tuwo su yi tapau, wato su ƙunshe na dare su tafi da shi, yanzu daga bakin ƙofa suke gaishe ni. Iyaye biyu sun bugo daga Kaduna sun ce a ɗauke kayan 'ya'yansu daga shagona. Ban ga laifinsu ba, kowa da karatun da ya zo yi. Inna ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. In aka sauke ni a filin jirgin Kano da jaka ɗaya da yarinyar da ba ta iya gaishe ta da Hausa sosai ba, kai za ka tsaya a gabanta ka yi bayani.

Ban cire ka daga raina ba. Kai ka kai ni makaranta a keke, kai ka tsaya min ranar aurena, kai ka fara kirana ranar da Abdussalam ya rasu. Shi ya sa abin ya yi min ciwo haka. Ka je kotun ranar Litinin.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ina nan ina mata addu'a. Ka gaida Anti Ruƙayyatu, da Khalifa, da Walida, da Gwaggo Hureira in ta shigo gari. Hadiyya tana gaishe ku. Yahuza ɗan gidan Alhaji na bayan layinku ne zai kawo maka wannan, ya gama karatu, Asabar zai sauka. In ka ga ambulan ɗin a buɗe kada ka zarge shi, ni na bar shi haka. Yaron nan shekara huɗu yana cin abinci a hannuna, amma da na miƙa masa, kansa a ƙasa, ya ce in yi haƙuri, babansa ya ce kada ya karɓi komai a rufe daga wurina. Na zare takardar na nuna masa gaba da baya, sannan ya yarda zai karɓa, ga shi a tsaye ina ƙara waɗannan layukan.

Wassalam. Ƙanwarka,
Hansatu