A Ba Mu Izinin Yaɓe Ɗakin Mahaifiyata Kafin Marka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na bi ta ofis ban sami amsa ba, ga shi kuma damina ta kankama.

Mahaifiyata, Inna Kulu, tsohuwa ce. Tun rasuwar mahaifinmu take zaune ita kaɗai a Sanyinna, a ɗakin ƙasa mai rufin azara. Ni ina aiki a Sakkwato. A bazarar bara sunanta ya fito cikin waɗanda za a gyara wa gida, muka yi murna, muka gode. Kamar yadda ka sani, kwamitinka ya ba wani kamfani kwangilar tafiyar da shirin: tantance gidaje, raba aiki ga magina, da duba abin da aka yi. Jami'in kamfanin ya zo, ya ɗauki hoton ɗakin ciki da waje, ya shafa jan fenti a bango. Sannan a gaban mai unguwa ya gindaya mata sharaɗi biyu: kada a taɓa ginin sai ma'aikatansu sun zo, kuma duk ranar da masu duba suka iso ba sanarwa, su same ta a ciki. In aka saɓa ɗaya, za a cire sunanta. Daga ranar ba wanda ya dawo. Ga abubuwa huɗu da nake so ka sani.

Na ɗaya: duk wanda ya tashi a yankinmu ya san kafin ruwan farko ana kwaɓa ƙasa a yaɓe bango, a ƙara ƙasa a rufi, a gyara bakin indararo. Haka muke yi wa ɗakin nan kowace shekara, ni da ƙannena da maƙwabta. Bara ba mu yi ba saboda sharaɗin. Bana ma haka.

Na biyu: makon jiya na je na gani da idona. Bangon gabas, wanda ruwa ke duka, ya tsage daga sama har kusa da ƙasa, hannuna yana shiga tsagar. Indararo ya faɗi, ruwa na kwanciya a rufi. Azara ta lotsa daidai saman gadonta, ƙasa na zubowa a kan shimfiɗa. Ni ba magini ba ne, amma na taɓa zuwa jana'izar waɗanda ɗaki ya faɗa wa, kuma da haka nasu ya fara.

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali: ta ƙi fita. Na roƙe ta ta koma wajen ƙanwata a Jabo har ruwa ya ɗauke, sai ta ce, "In sun taho ba su ishe ni ba fa? Nan nika kwana, nan za su ishe ni." Na kafa gwafa na tokare azarar, ina juya baya ta sa aka cire, wai gwafar ba ta cikin hoto. Ta ce ta yi wa mutumin gwamnati alkawari gaban mai unguwa, kuma ba da tsufanta za ta fara saɓa alkawari ba.

Na huɗu: na je ofishin kamfanin a Tambuwal. Suka ce zangon farko na kwangilarsu ya ƙare, suna jiran a sabunta, don haka ba su da ikon ɗage sharaɗi, sai kwamiti. A ofishin kwamiti kuma aka ce sharaɗin na kamfani ne, ba su suka sa shi ba. Duka biyun sun karɓe ni da mutunci, na kuma fito yadda na shiga.

Ba na zargin kowa da cin amana. Na fahimci an sa sharaɗin ne don kada a ce an yi aikin da mai gida ya yi da hannunsa. Amma jiran ɗan lokaci aka nufa da shi, ga shi ya kai damina biyu, kuma ba ɗakin Inna kaɗai ke da jan fenti a unguwarsu ba. Yanzu duk lokacin da hadari ya haɗu a Sakkwato, sai in kira maƙwabcinta in ji ko hadarin ya isa can. In kuma shi ya kira ni, abin da nake fara tambaya shi ne ko ɗakin yana tsaye.

Don haka ina roƙon a sanar ta rediyo da ta bakin masu unguwa cewa yaɓe, da tokara, da ƙaura na ɗan lokaci ba sa cire sunan kowa. Ina kuma roƙon duk kwangilar da za a bayar nan gaba ta faɗi wanda ke da ikon ɗage sharaɗi in aiki ya tsaya.

Roƙona na ƙarshe ba ya jiran zaman kwamiti. Inna ba za ta yarda da takarda ba, ba kuma za ta yarda da ni ba, don ta san zan faɗi komai in dai za ta fito. A turo jami'in da ya yi mata maganar, ko a kan babur ne, ya tsaya a ƙofarta ya ce mata an sauke mata alkawarin. Ni zan kawo ƙasa da masu yaɓe a ranar.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya sa a gama damina lafiya.

Wassalam.

Nasiru, ɗan Inna Kulu,
Sanyinna.