Takabar da Ba Wanda Ya Sa Ni

Malali, Kaduna
3 ga Maris

Yaya Jummai,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara?

Kin yi fushi ban zo bikin 'yarki Samira ba. Takaba nake yi, Yaya. Tun da Na'ima ta rasu ban sa kwalli ba, ban taɓa turare ba, kitson da ta yi mini da hannunta shi ne a kaina har yau. Shekara goma sha shida muna gida ɗaya, kuna ce mata ƙawata. Kin san ba ƙawata ba ce, kin daɗe da sani.

A gidansu na Unguwar Sarki gwaggonta ta hana ni shiga wankan gawa. Aka shimfiɗa mini tabarma cikin maƙwabta, ina yi wa mutane gaisuwar rashin da ni aka yi wa. Ƙungiyar matan da na kafa ma sun ce in rubuta mata waƙa, amma in cire baitin da na kira ta tawa. Na ƙi, suka ba wata ta karanta tata.

Ranar ashirin ga Yuni zan cika wata huɗu da kwana goma. 'Yar'uwa ce ke tsefe wa mai fita takaba kai. Abin da nake roƙo ke nan, ki zo.

Ƙanwarki,
Aziza

Malali, Kaduna
21 ga Yuni

Yaya Jummai,

Ina fata kuna lafiya, Inna kuma da sauƙi.

Atamfar da kika aiko direba da ita ta iso, ko 'yar takarda babu a ciki. Na dafa tuwon shinkafa saboda ke, na zauna jiranki har la'asar. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Daga nan na tafi wurin wata mai kitso a bayan Babbar Kasuwa. Da ta ga yadda kaina ya cukurkuɗe, ta tambaya ko takaba na fita, na ce e. Ta ajiye matsefi, ta riƙe hannuna, ta yi mini ta'aziyyar da ba wanda ya yi mini tun ranar rasuwar. Sannan ta roƙi Allah ya jiƙan maigidana.

Shekara ashirin ina tsayawa gaban taro ina gaya wa mata su daina haɗiye magana. Amma na ce wa mai kitson amin, Yaya.

Ki gaida Inna.

Aziza