Gunkin Sitti Malai da Na Goge da Toka

Ruwais, Jidda
Rajab, 1394

Zuwa ga Yaya Mastura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Usuman da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida tana faɗa da kowa. Maigidana Na'ibi ma an sabunta masa iƙama, takardar zaman ƙasa, alhamdu lillahi.

Yaya, da kunya nake rubuta miki sauran. Na yi ɓarna a gidan Sitti Malai, 'yar ƙasar Siyam ɗin nan da kika yi wa aiki shekara da shekaru, kika kama hannuna kika sa ni a gurbinki da za ki koma Bur Sudan. Kin san ɗan gunkin tagullar da ke kan wata kanta a ɗakinta, mai zaman harɗe da dogayen kunnuwa, wanda take ajiye wa furanni da ruwa a finjali. Kin ce in share ɗakin kawai in fita. Ni kuwa na ɗauka ƙyamar gunki ce ta hana ki taɓa shi.

Watan jiya uwarta ta rasu, Sitti ta tafi ƙasarsu. Na ce bari ta dawo ta tarar da gida fes, ko zuciyarta ta yi sanyi. Na goge faranti da butocin gahawa, sai idona ya faɗa kan gunkin, duk ya yi dabbare-dabbare, nan rawaya can baƙi. Kin san ni da rawar kai. Na yi istigfari, na sauko da shi, na kai bayan kicin, na matse shi tsakanin ƙafafuna yadda muke yi wa tukunya, na bi shi da toka da lemun tsami har ya yi sumul. Na ga ruwan yana ƙyalli sa'ad da nake zubarwa a magudana, ban kawo komai a raina ba.

Ta dawo ta gan shi. Ba ta ɗaga murya ba. Da ɗan Larabcinta ta ce rawayan nan zinariya ce, mai laushi kamar ɓawon albasa. Uwarta ce take manna ta da yatsa duk lokacin da aka haihu a gidansu, ko wani ya tashi daga ciwo, kuma ta kafaɗar gunkin ita ce ta ƙarshe, ta ranar da Sitti za ta taho Jidda. Ta ce ƙyalle mai laushi kaɗai ake share shi da shi, ba a ajiye shi a ƙasa, balle kusa da ƙafa. Maganar ƙafar nan ban iya faɗa mata ba, ke kaɗai na gaya wa. Ta nuna mini hannunsa da ke taɓa ƙasa, ta ce ƙasar yake kafawa shaida, kuma shi malaminsu ne da ya koya musu cewa ba abin da ke dawwama. Tana faɗa hawaye na zuba. Addininsu daban, namu daban, amma na san abin da hannun uwa ya bari. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ta kore ni ba, har ta ce in gaishe ki. Sai dai ɗakin nan da ba a taɓa rufe miki ba, yanzu kulle shi take yi in za ta fita, ta jefa mabuɗin a jaka tana kauce wa idona. Amanar da kika bar mini ke nan, Yaya. Ki yafe mini.

Ki gaida Malam Usuman, da Barakatu da mai jego Maimuna. Inna da Na'ibi suna gaisuwa.

Ƙanwarki,
Rahamatu