Agogon da Na Cire daga Motar Sharhabilu

Safana,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Umar Faruk,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wa nema albarka, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan mun gode Allah. Damina ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsawo, sai dai gonarmu ta wajen Tsaskiya bana ma ba wanda ya taka ta, ka san dalili. Inno tana nan tana fama da gwiwa kamar kullum. Ƙanenmu Sharhabilu an sallamo shi daga asibiti ranar Litinin, ciwon yana warkewa. Ka riga ka ji an yanke masa ƙafar dama. Abin da ba ka ji ba shi ne ya zaunar da ni rubutu, domin a waya bakina ba zai iya ba.

Na san wata guda ke nan kana kiran Inno tana ƙin karɓa, kullum mu ce maka tana barci ko tana salla. Ƙarya muke yi maka, Yaya. Fushi take yi da kai. Ka tuna agogo ukun nan da ka aiko wa Sharhabilu saboda na gaban a-kori-kurarsa duk sun mutu, na zafin inji da na baƙin mai da na batir? Da bakinka ka gaya mata cewa daga yanzu motar ba za ta ƙara shammatarsa a daji ba, allura za ta nuna masa tun kafin inji ya tsaya. To da abin ya faru, sai matan unguwa suka cika mata kunne cewa kayan kudu jabu ne, ka ga mai araha ka saya wa ɗan'uwanka. Ta yarda, mu kuma da muka san gaskiya muka yi shiru.

Agogon nan lafiyarsu ƙalau. Tayyib mai wayarin ya haɗa su, Sharhabilu ya yanko roba daga tsohon tib na taya ya ɗaure su a gaban mota kamar yadda direbobinmu ke yi, kuma mako biyu suna aiki. Ni ne abin ya tsone wa ido. Ka san halina tun muna yara, ko kujerar tsuguno ba na bari ta fita shagona sai na shafe ta sau uku, shi ya sa kuke ce mini Armaya'u sai gobe. Na ce ina kafinta a garin nan, ƙanena ba zai yi yawo da agogo ɗaure da roba kamar kajin kasuwa ba. Na auna lanƙwasar gaban motar da kwali, na samo guntun maɗaci, na huda ramuka uku, na ɗan karkata su yadda za su fuskanci direba ba sai ya sunkuya ba. Har rumfa na yi musu don kada rana ta hana shi ganin allura. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma da na tsaya nan da ba haka ba.

Sai na ga itacen tsirara bai yi mini ba, na ce sai Sule baduku ya lulluɓe shi da jar fatar akuya. Sule ya ce sai an sa agogon a ramukansu kafin ya ja fatar, kuma a jiƙe ake jan ta, tana son kwana biyu ta bushe ta kama jikin itace. Ranar Laraba na je na kwance robar da hannuna. Sharhabilu ya ce in bari sai ya dawo daga kasuwar Batsari. Na ce shekara huɗu yana tuƙa motar nan ba agogo, kwana ɗaya ne zai kashe shi? Haka na ce, Yaya, da waɗannan kalmomin. Sharhabilu ya yi dariya ya ce to babban kafinta.

Washegari ya yi lodin hatsi daga Batsari zuwa Ruma. Tiyon lagireto ya tsage a hanya, ruwa ya tsiyaye bai sani ba. Ya wuce ƙauyuka biyu masu rijiya da jama'a, inda da ya ga allura ta hau ja da ya tsaya. Injin bai buga ba sai a wurin da ba gida ba gona, ana gab da la'asar. Yana cikin buɗe gaban motar ya ji ƙarar baburan 'yan bindiga. Ya ruga, suka harbe shi a gwiwa, ya ja jiki ya shige cikin sabara. Suka kwashi hatsin da za su iya, suka cinna wa motar wuta.

Har yau Sharhabilu bai gaya wa kowa cewa ni na cire agogon ba, ko matarsa Asama'u. A asibiti na fara maganar, ya ce in bari, abin da Allah ya rubuta ne. Na san haka ne, amma hannuna ne ya kwance robar. Idan na ga yana lalubar sanda sai in ji kamar in nutse, ba na iya haɗa ido da shi. Shirun nasa ya rufa mini asiri, kai kuma ya bar ka da laifin da ba naka ba, ni kuwa na ji daɗin rufin har wata guda. Wannan ya fi komai ba ni kunya.

Yau da hantsi na ɗauko gidan agogon daga ƙarƙashin teburin aikina na kai wa Inno. Fatar ta bushe ta kama, agogo uku suna zaune a ciki ko alamar hayaƙi babu. Na durƙusa na gaya mata komai. Ta daɗe tana juya shi tana shafa fatar. Sannan ta tambaye ni ko saboda wannan jan abin ne ɗanta ba zai ƙara taka mota ba. Na ce e. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ajiye shi a gefen tabarma, ta ce wa Asama'u idan ka kira a kawo mata wayar, ni kuma ta juya mini baya.

Yaya, ka yafe mini don Allah. Ba na roƙon ka sa baki tsakanina da Inno, wannan nawa ne, zan jira ko shekara nawa ne. Ka gaishe da Nana Hadiza, da Yazid da Muhsina, Allah ya yi musu albarka. Sharhabilu da Asama'u suna gaishe ka, haka ma mai ɗakina Mubina. Da ka gama karanta takardar nan ka kira Inno, za ta karɓa.

Wassalam.

Ƙanenka,
Armaya'u