Alhaji, Ɓarawo Ka Ba Haƙuri

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyarmu ta Maginan Gargajiya, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da kake shugabanta. Sau uku ina zuwa zaurenka a Kambarawa kan maganar nan ana ce mini ka fita, alhali ga takalmanka a bakin ƙofa. Shi ya sa na kawo ta inda kowa zai gani.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan magini ne, marigayi mahaifina ne ya koya wa Alhaji riƙon tubali. Tun da soja suka koma bariki kuɗi suka shigo gari, kowa ya kama rushe soron kakansa yana dasa bulo. Ni kuwa na bi lungunan Gobarau da Ƙofar Kaura da kyamara, ina ɗaukar zanen bango da zankwaye kafin katafila ta iso. Hotunan na zuba su a shafin ƙungiya na intanet. Yawancin gidajen yau babu su. Kwamfutata kuma ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Wannan sakacina ne, na amsa. Ke nan abin da ke shafin shi kaɗai ya rage, shi ne kuma ka sa aka rufe saboda wasiƙar imel ƙwaya ɗaya.

Na karanta wasiƙar, wadda ka kai aka buga a takarda har aka liƙe ta da leda kamar satifiket. Ga abin da na gani:

Na ɗaya. Wai lauya ne daga ƙasar waje, wai mun saci hoton wani kamfani mun sa a shafinmu. Amma bai san sunanka ba, bai san sunan ƙungiya ba, mai shafi kawai ya kira ka. Wane lauya ne zai maka mutum a kotu bai san sunansa ba?

Na biyu. Bai faɗi wane hoto ba ne. Wai sai an latsa wani shuɗin rubutu za a gani. Ai wanda ya ga akuyarsa a garken wani, nuna ta yake yi da yatsa. Ta wannan latsawar 'yan damfara suke sace lambar sirrin mutum su ƙwace shafin gaba ɗaya. Allah ya so mu ba ka san yadda ake latsawa ba. Karon farko ke nan da rashin iya kwamfutarka ya yi mana rana.

Na uku. Ya ba ka kwana biyu, ko ka biya ko ka ga sammaci. Kai da ka yi shekaru kana safa da marwa a kotu kan iyakar gona, yaushe ka ga shari'a na gudu haka? Adireshin imel ɗin da ya turo wasiƙar da shi irin na kyauta ne da kowa ke buɗewa a waya. Hatimin da ya tsorata ka kuwa, mai hoton ma'auni, duk shagon buga katin biki zai yi maka wanda ya fi shi kyau.

Na huɗu. Wasiƙar nan dai, harafi da harafi, an aika wa ƙanwar matata mai sayar da turaren wuta a intanet. Ta karanta, ta yi tsaki, ta goge, ta ci gaba da cinikinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da ka sa aka rubuta. Na san al'adarmu: idan magini ya kwaikwayi zanen wani bai nemi izini ba, yakan kai goro ya ba da haƙuri, magana ta mutu. Al'ada ce mai kyau tsakanin mutanen da suka san juna, suke haɗuwa a jana'iza. Amma ka ɗauke ta ka kai wa wanda ba ka san ko mutum ne ko inji ba! Ka amsa laifi da sunan ƙungiya, har ka tambayi inda za a aika goro. Ka nuna masa akwai mai tsoro a gidan, shi ya sa yanzu wasiƙunsa ba sa yankewa. Kunya aka san Bakatsine da ita, ba tsoro ba, kai kuwa ka ari rigar kunya ka lulluɓe tsoronka. Da ka kira ni da na gaya maka kowane hoto a shafin ni na ɗauka, har da na Baba a kan tsani yana gyara zanko da hannunsa. Wannan ma na kamfanin ne?

Ga buƙatuna. Ka daina ba su amsa. Idan maganata ba ta ishe ka ba, ka kai takardar wurin lauya na gaske, mai ofis da ƙofa, ka ji dariyar da zai yi. Sannan ka sa hannu a buɗe shafin. Masu ajiye mana shi sun ce kwafin da ke wurinsu zai tsaya zuwa ƙarshen watan nan kawai, daga nan su goge, kuma umarnin shugaba kaɗai suke karɓa. Ban nemi ka ba ni haƙuri ba, na san ka ƙarar da shi a kan ɓarawo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon bambance lauya da ɗan damfara. Idan kuwa wata ya ƙare ba ka sa hannu ba, 'ya'yanmu za su ji cewa gidajen nan sau biyu aka rushe su, kuma na biyun magini ne ya rushe.

Wassalam.

Ɗan maigidanka,
daga Ƙofar Kaura, Katsina.