Waƙar Haruffan Kaka Ta Hana Ni Sakat

Zuwa ga Yayata Leilua,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Logan, nan ƙasar waje. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Kaka, Ubangiji ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Mu nan lafiya lau, sai Mama da ke mitar tsadar gwaza, ƙaninmu Siaosi kuma ya ƙara tsawo ya ƙara baki.

Yaya, na kasa zama waje ɗaya. Ranar Juma'a zan yi jarrabawar koyon rubuta manhajar kwamfuta ɗin nan da nake bi a waya. In na ci, za a ɗauke ni koyon aiki a ofis, in rabu da ɗakin sanyin kamfanin kaji, don yatsuna sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe. In na faɗi, sai baɗi.

Akwai tambayar da ta kusa haukata ni. Za a ba ki haruffa a jere, a ce ki nemo ɗaya. Ba bi za ki yi ɗaya bayan ɗaya ba, tsakiya za ki duba, in naki yana gaba ki watsar da rabin baya, ki sake rabawa har ki cafke shi. Na gane sarai! Amma duk jerin da na haɗa don gwaji, sai kwamfuta ta ce babu harafin, ga shi kuwa ina kallonsa. Na zagi wayata, na tambayi 'yan rukuninmu, wani ya turo min hoton dariya kawai.

Siaosi ne ya ji ina rera haruffan a hankali, ya fashe da dariya har ya ƙware da koko. Ya ce, “Gwanar Savai'i, kwamfuta ba ta yi makarantar fasto ba.” Ashe jerin haruffan yarenmu na can gida, tsibirin Savai'i, nake yi, a, e, i, o, u, sannan f, g, l, irin na makarantar faston ƙauyenmu, yadda Kaka ta koya mana tana nuna allo da tsinken tsintsiya. Ita kuwa kwamfuta a, b, c ta sani, sai ta riƙa watsar da rabin da harafin yake ciki.

Na gyara, ya yi. Amma da na firgita, waƙar nan ce ke fara zuwa bakina, kuma a jarrabawa dole in firgita.

Ki gaida Kawu Peniamina, da Inna Tolotea, da yaranki. Ki ce wa Kaka ta yi min addu'a in manta waƙarta na safiyar Juma'a kawai. Da rana zan kira ta a waya in rera mata ita tun daga farko.

Ƙanwarki,
Fuatino